Daga ɗaurin aure zuwa takardar aure: hanya da kalmominta a gundumomin Magariya da Dungas

0. Gabatarwa

Wanda ya tambayi mutumin Magariya ko na Dungas inda ake neman izinin aure, amsar da zai samu ita ce: wajen uban yarinya. Amsar daidai take, kuma ba ta saɓa wa doka ba. A Jamhuriyar Nijar hukuma ba ta bayar da izini kafin a ɗaura aure bisa al'ada ko bisa Musulunci. Abin da take yi shi ne ta rubuta auren bayan an ɗaura shi, ta ba ma'aurata takardar da ake kira «acte de mariage» da faransanci. Tsakanin ƙofar gidan da aka raba goro da teburin da ake rubuta wannan takarda akwai tafiya iri biyu: ta ƙafa, daga ƙauye zuwa ma'aikatar magajin gari, da ta harshe, daga hausa zuwa faransanci.

Manufar wannan maƙala biyu ce. Da farko za mu bayyana hanyar samun takardar kamar yadda doka ta tsara ta. Sa'an nan za mu duba wasu kalmomi da ma'anarsu ke zamewa yayin da aka ɗauke su daga bakin mai sanarwa zuwa alƙalamin marubuci. Batun ba na masana harshe kaɗai ba ne. Matar da mijinta ma'aikaci ya rasu ba ta samun haƙƙinta na fansho sai ta nuna takardar aure, kuma harafi ɗaya da ya sauya cikin sunanta ya isa ya tsayar da takardunta wata da watanni.

1. Wurin nazari

Magariya da Dungas suna kudancin jahar Damagaram, kan iyaka da Najeriya, daura da jihohin Katsina da Jigawa. Dā gunduma ɗaya ce. A shekara ta 2011 aka cire Dungas aka mai da ita gunduma mai zaman kanta. Magariya na da ƙananan hukumomi 7, waɗanda takardun hukuma ke rubutawa haka: Magaria, Bandé, Dantchiao, Kwaya, Sassoumbroum, Wacha, Yékoua. Dungas na da 4: Dungass, Dogo-Dogo, Gouchi, Malawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba Magariya mutum sama da 570 000, Dungas kuma sama da 350 000. Mafi yawansu Hausawa ne manoma, tare da Fulani da Barebari da Buzaye, kuma hausa ce harshen kasuwa da masallaci da fada.

Tun daga waɗannan sunaye mai karatu zai ga matsalar da za mu komo kanta a sashe na 4. Garin da mutanensa ke kira Tsatsumburum ya zama Sassoumbroum, Yekuwa ta zama Yékoua, Guci ta zama Gouchi. Abin da ya sami sunayen garuruwa shi ke samun sunayen ma'aurata.

Iyakar ba ta raba dangi ba. Mutanen Magariya na bi ta Tinkim zuwa Babban Mutum, na Dungas na cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, naira na yawo tare da sefa, kuma auratayya tsakanin ɓangarorin biyu tsohon abu ne.

2. Dokokin da suka shafi aure

2.1. Aure iri biyu a idon doka

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An yi yunƙurin kafa shi a farkon shekarun 1990, aka sake a 2011, duka biyun suka ci tura saboda adawar ƙungiyoyin addini. Don haka tsari biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Na farko shi ne «Code civil» da aka gada daga Faransa. Wanda ya zaɓe shi, jami'in hukuma ne da kansa ke ɗaura masa aure, bayan an kafa sanarwa kwana 10 don mai ƙorafi ya fito. Wannan kundi ya ajiye shekara 18 ga namiji, 15 ga mace, kuma bai yarda a ƙara aure ba muddin na farko na nan. Masu bin wannan hanya a yankin da muke magana kansa ƙalilan ne ƙwarai.

Na biyu shi ne al'ada. Doka mai lamba 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta umarci kotuna su yi aiki da al'adar masu shari'a cikin abin da ya shafi aure da saki da gado. Dokokin da suka gaje ta, ta 2004 da ta 2018, sun riƙe wannan ƙa'ida, da sharaɗin kada al'adar ta saɓa wa dokokin ƙasa da yarjejeniyoyin duniya da Nijar ta amince da su. A ƙasar Hausa al'adar nan ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya na Risala da Muhtasar, har kotuna suka ƙirƙiro mata suna: «coutume haoussa islamisée». Bisa wannan tsari aure na tabbata da abu huɗu: waliyyi, sadaki, shaidu biyu, da sigar nema da bayarwa. Ba a ambaci takarda cikinsu ba.

Tun zamanin mulkin mallaka hukuma ke ƙoƙarin sa hannu cikin auren al'ada. Dokar Mandel ta 15 ga Yuni 1939 ta wajabta yardar ma'aurata, ta ajiye shekara 14 ga mace, 16 ga namiji. Dokar Jacquinot ta 14 ga Satumba 1951 ta taɓo batun dukiyar aure, ta kuma ba miji damar yin alkawari a rubuce cewa ba zai ƙara mata ba.

2.2. Dokar rubuta aure

Rubuta haihuwa da aure da mutuwa, watau abin da ake kira «état civil», ya bi ta kan dokoki uku tun daga 1985: ta 29 ga Maris 1985, da mai lamba 2007-30 ta 3 ga Disamba 2007, da mai lamba 2019-29 ta 1 ga Yuli 2019. Ta 2019 ta ajiye wa'adin kwana 60 don a sanar da hukuma. Aikin yana ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, amma ƙananan hukumomi ke gudanar da shi. Magajin gari shi ne jami'in da ke sa hannu. Tun Afrilun 2024, da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, wakilan da gwamnati ta naɗa, «administrateurs délégués», suka karɓi wannan aiki.

3. Hanyar samun takardar

3.1. Cikin wa'adi

Doka ta tsara cibiyoyi hawa uku. Babbar cibiya tana hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. Ke nan akwai 11 a gundumomin biyu. Ƙarƙashinta akwai cibiyoyi mataimaka a wasu unguwanni ko manyan ƙauyuka. A ƙasa kuma akwai wuraren sanarwa, «centres de déclaration», a ƙauyuka da rugage da gidajen likita, inda wani marubuci, «préposé aux écritures», ke riƙe da littafin sanarwa, galibi kusa da mai gari. Matakan su ne:

(a) A ɗaura aure yadda aka saba, gaban liman da waliyyi da shaidu.

(b) Kafin kwana 60 su cika, mai sanarwa, galibi ango, ya tafi wurin sanarwa ko ma'aikatar magajin gari, wadda jama'a ke kira meri, tare da shaidu. Akan nemi takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa na ma'aurata da na shaidu.

(c) Marubuci ya ɗauki sunayen ma'aurata da na iyayensu, da ranar haihuwa da wurinta, da sana'a da mazauni, da ranar aure, da al'adar da aka bi, da sadaki, da sunayen shaidu.

(d) In a ƙauye aka yi sanarwa, sai a kai ta babbar cibiya, a shigar da ita cikin rajistar aure, jami'i ya sa hannu da hatimi.

(e) A ba ma'aurata takardarsu. Sanarwa cikin wa'adi kyauta ce; kofen da za a nema daga baya su ake sa wa tambur.

Matakin (d) shi ne mafi rauni. Mai sanarwa yakan ɗauka ya gama tun da marubucin ƙauye ya rubuta, alhali kuwa sanarwa ba takardar aure ba ce har sai ta shiga rajista. In littafin ya kwana a ƙauye saboda damina ko rashin abin hawa, auren bai kai ga hukuma ba.

3.2. Bayan wa'adi

In kwana 60 sun wuce, jami'in magajin gari ba shi da ikon rubutawa sai da hukuncin alƙali. Mai nema ya tafi kotu, kamar ta Magariya, da shaidun da suka halarci ɗaurin auren. Alƙali ya saurare su, ya yanke hukuncin da doka ke kira «jugement déclaratif», wanda mutane da yawa ke kira da tsohon sunansa, «jugement supplétif». Da wannan hukunci ake komawa meri a rubuta auren. Lokaci-lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman shari'a na tafi-da-gidanka, «audiences foraines», don rage wa talakawa wahala, ko da yake takardun haihuwa suka fi cin moriyar wannan zama.

Wannan hanya ta biyu ita aka fi bi, domin ba a tuna takardar sai buƙata ta taso: kuɗin iyali na asusun CNSS, fanshon mamaci, biza, neman zama ɗan ƙasa ta hanyar aure. A lokacin kuwa mai yiwuwa an shekara 20 da auren, liman ya rasu, shaida ɗaya yana Kano, ɗayan ya manta shekarar. Abin da za a yi kyauta cikin safiya ɗaya ya koma kuɗin mota da na kotu da na ciyar da shaidu.

4. Kalmomi tsakanin harsuna biyu

Mai sanarwa na magana da hausa, takarda na rubuce da faransanci, marubuci shi ne tafinta, kuma ba a horar da shi kan tafinta ba. Ga wurare 6 inda ma'ana ke zamewa.

4.1. Ɗaura da «célébrer»

A dubi waɗannan jimloli:

(1) An ɗaura wa Wance aure.
(2) Aure ya ɗauru.
(3) Baffanta ya aurar da ita.
(4) Saura igiya biyu.

A (1) mai aikatawa shi ne «an», wanda ba a ambata ba. Amarya kuwa wadda aka yi wa ce. A (2) aure da kansa ya zama abin da ya kamu. A (3) waliyyi ne mai aikatawa. A (4) ana ƙirga sakin da ya rage da igiya, domin hoton da ke ƙarƙashin dukan jimlolin shi ne na ɗauri: aure igiya ce da dangi biyu suka ƙulla. Amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure, ango ma wakilinsa ke magana da bakinsa. Takardar hukuma kuwa an gina ta bisa wani hoto dabam, inda mutum biyu ke tsayawa da kansu, su amsa, su sa hannu. Shi ya sa in marubuci ya ce a zo da amarya ko katinta, sai mai sanarwa ya ga an nemi abin da ba a nema ba ran ɗaurin aure. Waliyyi kuma, wanda in babu shi aure bai ɗauru ba, sau da yawa sai a sa shi cikin shaidu, ko a fassara shi da «tuteur», kalmar da a faransancin doka ke nufin mai riƙon maraya ko wanda bai mallaki hankalinsa ba.

4.2. Ranar aure

Faransanci na tambayar «date du mariage» kamar rana ɗaya ce. Hausa na da jeri: baiko, sa rana, ɗaurin aure, biki, tarewa. A ƙauye akan ɗaura aure kafin damina, a bar tarewa sai kaka, bayan an sayar da gyaɗa ko riɗi an yi kayan ɗaki. Ga mace da danginta, aure ya soma ran da aka kai ta ɗaki. Ga doka, kwana 60 sun soma ran ɗaurin aure. Wanda ya jira tarewa kafin ya tafi meri zai iya tarar da wa'adi ya wuce bai sani ba. Ƙari kan haka, mai sanarwa na riƙe ranar da watan Musulunci ko da wani abin da ya faru, ya ce bayan sallar layya da kwana 10, marubuci kuma ya mai da ita kalandar Nasara da ƙiyasi.

4.3. Sadaki da «dot»

Kalmar «dot» a asalin faransanci dukiyar da mace ke kawowa gidan miji ce, abin da ya fi kusa da kayan ɗaki ko gara. A faransancin Afirka ta juya, ta zama abin da namiji ke bayarwa. Ko a hakan ta yi faɗi, domin hausa na rarrabe toshi, da kuɗin na-gani-ina-so, da lefe, da dukiyar aure, da sadaki. Cikin waɗannan sadaki kaɗai ne sharaɗin aure, shi ne haƙƙin mace ita kaɗai, shi ake faɗa a bainar jama'a, a ce lakadan ko ajalan. In marubuci ya tambaya nawa aka kashe, zai ji adadi ɗaya; in ya tambaya nawa ne sadaki, zai ji wani.

Adadin kansa yana da tarko. A Nijar ana ƙirga sefa da dala, kowace dala tamka 5, jika kuma tamka 1 000. A dubi (5):

(5) Sadakinta dubu goma.

Ga ɗan Magariya mai ƙirga da dala, (5) na nufin 50 000 F, watau jika hamsin. Ga marubucin da ya fassara kalma da kalma, 10 000 F ne. In kuwa a bakin iyaka aka ɗaura auren da kuɗin Najeriya, naira 10 000 ne. Jimla ɗaya, adadi uku. Bambancin yana da nauyi ran rabuwa, domin matar da ta nemi hul'i sadaki take mayarwa, wadda aka saka kafin tarewa kuma rabinsa take ci. Abin da aka rubuta shi alƙali zai karanta.

4.4. Al'ada da «coutume»

Tambayar wace al'ada aka bi tambaya ce ta doka: amsarta ke nuna ƙa'idar da alƙali zai yi aiki da ita, da irin mashawartan al'ada, «assesseurs coutumiers», da za su zauna tare da shi. Amma a hausar yau, musamman bayan yaɗuwar wa'azi tun shekarun 1990, al'ada kan zo kishiyar addini: kamu da lalle da buɗar kai al'ada ne, ɗaurin aure sunna ne. Wanda aka ce masa aurensa na al'ada ne yana iya jin an rage masa daraja. Daga ɗaya gefen kuma akwai masu gudun meri don tsoron kada rubutawa ta mai da auren na Nasara, ta hana su ƙarin mata. Wannan ruɗani ne tsakanin hanyoyi biyu na 2.1: auren da jami'i ya ɗaura bisa «Code civil» shi ke hana ƙari, auren da liman ya ɗaura aka rubuta daga baya yana nan bisa ƙa'idarsa, kuma mai mata huɗu na iya samun takarda huɗu.

4.5. Takarda

Faransanci na rarrabe «déclaration», «acte», «extrait», «copie», «jugement», «livret de famille». Hausar yau da kullum na da kalma ɗaya: takarda. Takardar da liman ko wata ƙungiyar addini ta rubuta ita ma takardar aure ce a bakin jama'a. Tana da amfani wajen kafa hujja gaban alƙali, amma ba ta maye gurbin ta hukuma. Haka nan wajen rabuwa: hukuma na rarrabe «répudiation», sakin da miji ya furta, da «divorce», rabuwar da alƙali ya yanke, alhali jama'a na cewa aure ya mutu, ko an kashe aure, ko ya ba ta takardarta. Takardar sakin da miji ya rubuta da ajami ya miƙa ba ta taɓa rajista ba sai an kai maganar ga hukuma. Sai ka ga mace ta yi idda, ta yi wani aure, ta haihu, rajista kuwa na riƙe da ita matar mijin farko.

4.6. Sunaye

Nan ne asara ta fi yawa. Matsalar hawa uku ce.

Na farko, rubutu. Ƙa'idar faransanci ba ta da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, ba ta rarrabe ts da s ko da yaushe, tana rubuta u da «ou», c da «tch». Suna ɗaya na fitowa da siffa da yawa:

(6) Hauwa: Haoua, Haoa, Hawa
(7) Muhammadu: Mahamadou, Mohamadou, Mahaman, Maman
(8) A'ishatu: Aïchatou, Aïssatou, Aïcha

A (7) da (8) ba rubutu kaɗai ya bambanta ba. Siffofin duka suna raye a baki, mutum ɗaya na amsa su duka. Ga ma'aikacin da ke gwada takardar haihuwa da takardar aure kuwa, Haoua da Hawa mata biyu ne, kuma gyaran sai an koma kotu.

Na biyu, sunan yanka da laƙabi. Wadda aka raɗa wa Zainabu ran suna tana iya tashi ba wanda ya san ta sai da Abu, ko da sunan rana, Ladi ko Talatu ko Jummai. Angon da aka tambaya sunan amarya zai faɗi wanda ya sani.

Na uku, kunya. Mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na surukinta. Sai ta ce maigida, ko malam, ko baban Wane. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Tsarin tambayoyin hukuma ya ɗauka kowa na iya furta kowane suna. Marubucin da ya san wannan yakan karanto sunan daga kati, ya bar mace ta amsa da i ko a'a. Wanda bai sani ba sai ya rubuta abin da ɗan rakiya ya faɗa.

Ga sunaye sai a ƙara shekaru. Wadda ba ta da takardar haihuwa akan rubuta mata «née vers», an haife ta wajejen shekara kaza. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su kai 18, kashi 28 kuma kafin 15. Inda aka yi aure da ƙuruciya, iyaye ba sa son kusantar teburin da ake tambayar shekaru. In sun kusanta, ƙiyasi na ba da damar ƙara wa yarinya shekara biyu ko uku. Ke nan wadda ta fi buƙatar kariyar takarda ita ce mafi nisa da samunta.

5. Auren ƙetare iyaka

A ɗauki misalin ɗan Dungas da ya auro ƴar ƙasar Maigatari. A Najeriya auren rajista ƙarƙashin dokar aure ta tarayya na mace ɗaya ne, ana kafa sanarwarsa kwana 21, kuma Musulmin Jigawa ba safai suke binsa ba. Abin da amarya za ta zo da shi, in ta zo da wani abu, takardar masallaci ce ko ta kotun shari'a ko ta rantsuwa, da ingilishi ko hausa ko larabci, sunanta kuma da rubutun can: Hauwa'u, ba Haoua ba. Marubucin Dungas zai sake rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, daga ranar kuma tana da suna biyu a ƙasa biyu.

Abubuwa biyu sun ƙara wa wannan takarda nauyi. A 2014 aka gyara dokar zama ɗan ƙasa, ƴar Nijar ta sami ikon ba mijinta baƙo damar zama ɗan ƙasa, kamar yadda namiji ke ba matarsa. Hujjar da ake nema ita ce takardar aure. Sa'an nan rufe iyaka daga 2023 zuwa Maris 2024, da ficewar Nijar daga CEDEAO a 29 ga Janairu 2025, sun tuna wa mutanen iyaka cewa zumuncin da kowa ya sani a ƙauye ba ya wadatarwa a shingen jami'an tsaro.

6. Kammalawa

Mun ga cewa a Magariya da Dungas aure na tabbata a ƙofar gida, takarda na biyo baya. Cewa hanyar kyauta ce cikin kwana 60, mai tsada bayansu. Cewa kuma kowane layi na takardar yana ɗauke da fassarar da ba wanda ya tantance. Kundin «Charte de la refondation» na Maris 2025 ya ayyana hausa harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi harsunan aiki. Ƙa'idojin rubutun hausa kuwa suna nan tun 1999. Abin da ya rage aiki ne irin namu, kuma muna ganin a soma da uku.

Na farko, ƙaramin ƙamus na kalmomin «état civil», inda za a ba kowace takarda sunanta: sanarwar aure ga «déclaration», takardar aure ta hukuma ga «acte», kofe ga «copie», hukuncin tabbatar da aure ga «jugement déclaratif», sadaki ga «dot».

Na biyu, jerin tambayoyi da hausa don marubutan ƙauye, wanda zai tambayi ranar ɗaurin aure ba ranar tarewa ba, sunan yanka kafin laƙabi, sadaki da jika ko da naira, kuma a karanta wa mai sanarwa abin da aka rubuta kafin ya dangwala.

Na uku, jadawalin sunayen yanka da siffofinsu na faransanci da na Najeriya, wanda ma'aikata da kotuna za su iya dogara da shi.

Kafin waɗannan akwai buƙatar bayanai daga fili. Ɗaliban da ke neman batun kundin digiri za su iya zama mako biyu a wurin sanarwa ɗaya a Bande ko Malawa, da izinin hukuma da yardar masu sanarwa, su ɗauki tambayar marubuci da amsar da aka ba shi, su gwada da abin da ya sauka kan takarda. Muna maraba da gyara da ƙarin misalai daga abokan aiki, musamman masu nazarin fulatanci da barbarci, domin masu waɗannan harsuna fassara biyu suke bi kafin aurensu ya kai rajista.